Motar da ke tsawata wa direba: wasiƙa daga Jamus zuwa Ringim

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kun shiga kaka lafiya, amfanin gona ya yi albarka. A gaishe mini da Inna da Baffa, da iyali baki ɗaya.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a tasha, cewa motocin Turai na yanzu suna yi wa direba faɗa. Gaskiya ne, kuma tunda tuƙi ne abincinka, bari in yi maka bayanin yadda abin yake.

A saman gilashin gaba, bayan madubi, akwai wata 'yar kyamara. Aikinta karanta allunan gefen titi, sai ta haɗa abin da ta gani da taswirar da ke cikin motar, ta nuna maka iyakar gudun wurin a gaban sitiyari. Ka wuce lambar, sai ta fara walƙiya, daga nan ƙara ta biyo baya. Wasu motocin totur ne yake yin tauri a ƙarƙashin ƙafarka. Doka ce ta Tarayyar Turai: tun watan Yulin 2022 ta hau kan sababbin samfura, daga 7 ga Yulin 2024 kuma duk sabuwar motar da za a sayar sai da wannan na'ura.

Motar da nake raba kaya da ita a wurin aiki tana da shi, kuma ba zan ɓoye maka ba, yana cin rai. Babbar mota na gabanka da 'yar takardar 80 manne a bayanta, sai kyamarar ta ɗauka allon titi ne. Kana kan babbar hanya, ta hango allon 50 na hanyar da ta ratse gefe, ta hau ƙara alhali kana kan ƙa'ida. A gaban makarantu akwai allon 30 da aka rubuta awannin aikinsa a ƙasa, ita kuwa ba kullum take gane rubutun ba, sai ta dame ka da tsakar dare. Lokacin sanyi ƙanƙara kan rufe allon gaba ɗaya. Ga kuma allon shiga gari, mai launin ɗorawa, wanda ba lamba a jikinsa, amma ma'anarsa ka sauko 50.

Ana iya kashe ta. Sai dai dokar ta ce duk sanda aka sake tayar da mota dole na'urar ta dawo aiki. Mai raba kaya kuwa yini yake yana tsayawa yana tashi. A wasu motocin sai ka shiga cikin allon tsakiya ka yi ta lalube kafin ka kai wurin, kuma yin haka kana tafiya ya fi ƙarar haɗari. Kamfanin Renault ya sa maɓalli guda kusa da sitiyari da yake dawo maka da tsarin da ka zaɓa, wasu kamfanonin ma sun sauƙaƙa nasu. Ni ƙarar kawai nake kashewa tun ina tsaye, in bar lambar tana nunawa, don a unguwar da ban sani ba takan tsare ni. Nan ba roƙo ba sanayya: kyamarar gwamnati ce take ɗaukar hoto, takardar tara ta same ka a gida. Wanda ya ƙara kilomita 21 zuwa 25 a kan iyaka a cikin gari zai biya Yuro 115, a kuma rubuta masa makin laifi ɗaya a ofishin rajistar direbobi da ke garin Flensburg. Maki 8 suka cika, lasisi ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da motocin nan za su iso gida. Golf da Sharon ɗin da kuke lodi da su yau, a titunan nan suka fara yawo kafin su bi ta Kwatano. Waɗannan ma nan da 'yan shekaru za su biyo sawu. In sun zo, daga Ringim zuwa Gujungu allo nawa kyamarar za ta samu ta karanta? Taswirar da ke cikinta ta Turai ce. Za ta riƙa nuna lambar da ba ita ba, ko ta bar wurin fayau, kuma na san abin da zai biyo baya: a kai wa mai wayarin ya yanke waya, ko a liƙe idon da salatif.

Don Allah, Yaya, in irinta ta shigo hannunka ko hannun wani a ƙungiyarku, kada a yi haka. A yawancin motocin, kyamarar nan ita ce kuma idon birkin gaggawa, wanda yake taka kansa in yaro ya faɗo titi, ita ce take ankarar da kai in barci ya fara janye ka daga layinka. Rufe ta tamkar toshe rijiya ne don haushin kwaɗo. A kashe ƙarar ta cikin allon motar, a bar sauran. In gilashin gaba ya fashe aka sa sabo, sai an daidaita kyamarar da kwamfuta, in ba haka ba ganinta ya karkace. Wannan aiki ne da ya kamata yaranmu masu koyon kanikanci a Kano su fara nema tun yanzu, domin kasuwarsa na tafe.

Mu ma ai muna da namu. Ka tuna a 2017 da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Waccan ƙayyade inji take yi a lamba ɗaya, ba ta san ko kana daji ko kana tsakiyar kasuwa ba. Ta nan kuwa gargaɗi take yi, ƙafarka ce mai hukunci. A ƙa'idar Najeriya ma cikin gari 50 ne, amma direba nawa ne suka taɓa ganin an kafa lambar a bakin ƙauye? Tudun da mutanen gari suke ginawa a kan kwalta bayan an buge musu yaro, shi ne allonmu. Duk sanda na'urar nan ta dame ni a gaban makarantar yara, firamaren da ke bakin titinmu nake tunawa, da yadda yara suke tsallakawa ranar kasuwa, motoci na zuba gudu.

Shi ya sa nake roƙonka ka kai maganar gaban shugabannin tasha da mai gari, a nemi ƙaramar hukuma ta kafa allon rage gudu a ɓangarori biyu na makarantar. In an ce ba kuɗi, ka tambayo mini nawa maƙeri da mai fenti za su karɓa, zan turo nawa kason a ƙarshen wata, in sha Allah.

Ƙaninka, daga Jamus.