Jirgin Haramain a idon wadda ba ta da mota: Madina ce ta fi daɗin takawa

A Makka nake zaune, wajen Shara Mansur, kuma gidanmu babu mota. Duk baƙon da ya zo Umara daga gida yakan so a zagaya da shi ya ga gari, ba otal da Harami kawai ba. Da wannan hidimar na saba da jirgin ƙasan Haramain, har na ga ya kamata in faɗi abin da na gani game da shi da kuma biranen da yake sauke mutum.

Jirgin ya fara ɗaukar fasinja a 2018. Layinsa kilomita 450 ne, tashoshinsa biyar: Makka, Sulaimaniyya a cikin Jidda, filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Yana gudun kilomita 300 a awa, shi ya sa tafiyar da bas ke kwashe awa biyar ko shida a kanta, shi awa biyu da 'yan mintuna ya gama. Wanda ya taɓa yin wannan hanya da tsohuwa mai ciwon gwiwa ya san darajar hakan. Ciki da sanyi, da tsafta, kujera da lambarta, babu rububi, akwai ban ɗaki da wurin sayen shayi. Ba ya jijjiga. Gwaggona da ta zo daga Kano ta riƙe kofin shayinta har muka wuce Rabig, tana kallon allon da ke nuna gudun, ta ce, “Ke 'yar nan, anya tafiya muke yi kuwa?” Na ce, “Gwaggo, leƙa taga ki ga duwatsu.”

Tikiti ta waya ake saye, ko a tasha, kuma kuɗin yana hawa yana sauka gwargwadon lokaci da irin kujera. A Ramadan da ƙarshen mako, wanda bai saya da wuri ba zai tarar an cinye. Ya fi bas tsada, wannan babu musu, kuma iyali mai yara da yawa za su ji a jikinsu. Abu biyu nake jaddada wa mutanenmu. Kaya suna da ƙa'ida: babbar jaka ɗaya da ta hannu, don haka mai buhunan tsaraba ya nemi wata hanyar aika su. Sannan jirgi ba ya tsayawa a mikati. Mai dawowa daga Madina da niyyar Umara ya yi wankansa ya ɗaura harami tun a masauki, domin ana tashi ba da jimawa ba ake gifta Zul-Hulaifa, mikatin masu tasowa daga Madina.

Amma jirgi tasha yake kai ka, ba cikin gari ba. A nan ne ake gane birnin da ya karɓi mai tafiya a ƙasa da wanda bai san da shi ba.

Tashar Madina tana gefen gabas, da ɗan nisa daga Masallacin Annabi (SAW), sai an hau bas ko tasi. Da zarar ka isa tsakiyar gari kuwa, ka gama da mota. Abin da ya fi burge ni shi ne titin Kuba, wanda aka ware wa masu tafiya da ƙafa, kimanin kilomita uku daga Harami zuwa Masallacin Kuba. An shimfiɗa masa dutse, an sa fitilu da bencina, ga shaguna dama da hagu, masu dabino, masu turare, masu shayin na'ana irin na Madina mai ƙamshi. Wanda ƙafa ta gaza masa akwai ƙananan motocin lantarki da ke jigila a kan ɗan kuɗi. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan je Kuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa, kuma idan kana taka wannan hanya da yamma cikin Turkawa da 'yan Indunusiya da 'yan Sudan da namu, kowa da yarensa, sai ka ji ziyarar ta shiga jikinka fiye da yadda take shiga in an kwaso ku a bas an ce minti ashirin ku dawo. Kafin ka ƙarasa za ka wuce kusa da Masallacin Juma'a. Gwaggo, da take cewa ba za ta iya ba, da hutawa a benci da sayen ajwa ta kai har ƙarshe.

Ta ɗaya ɓangaren, Masallacin Gamama yana dab da harabar Harami. Ka ƙara gaba kaɗan zuwa Anbariyya, ga tsohuwar tashar jirgin Hijaz da Turkawan Usmaniyya suka gina, layin da ya taso daga Dimashƙa ya iso Madina a 1908. Uhudu ne kaɗai zan ce a hau mota, ko da yake bas ɗin gari yana zuwa.

Jidda labarinta daban. Birni ne da ya miƙe a gefen teku, manyan tituna, gadoji, ga gumi mai danƙo da ke hana mutum sakat, kuma babu jirgin cikin gari. Daga Makka zuwa Sulaimaniyya kamar rabin awa ne, amma daga tasha dole ka kira mota. Ka ce a kai ka Balad, tsohon gari, ka sauka a Bab Makka. Daga nan komai da ƙafa ne, domin lungunan ma ba su san mota ba.

Ina son Balad ƙwarai. Tun zamanin Sayyidina Usman aka mai da Jidda mashigar Makka ta teku, kuma ɗaruruwan shekaru alhazai a nan suke sauka, ciki har da kakanninmu da suka keto Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya. Gidajen an gina su da dutsen murjani na teku, hawa uku, huɗu, wasu fiye, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda ke shigo da iska su kuma kare matan gida daga idon mai wucewa. An rushe ganuwar garin a 1947, UNESCO kuma ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ka bi ta Kasuwar Alawi, inda warin luban da hel da busasshen lemo ke cika hanci, ka ɓullo gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya shiga Jidda a 1925, da tsohuwar bishiyar darbejiya a ƙofarsa. Masallacin Shafi'i yana nan kusa. Ka ci balila a tsaye, ko mutabbak mai zafi. Kada ka je da rana tsaka, shaguna a rufe, rana kamar ta dafa ƙwai. Bayan La'asar ne gari ke farkawa, a daren Ramadan kuwa sai ka rasa inda za ka sa ƙafa.

Sai dai da ka fito daga Balad, Jidda ta koma ta masu mota. Bakin teku yana da kyau, an yi masa hanyar tafiya, amma zuwa can da dawowa kuɗin tasi ne, kuma shi ke cinye rarar da kake ganin ka yi. Na taɓa haɗuwa da direban da ya ji Larabcin gwaggo ya ninka kuɗi, shi ya sa na fi son kiran mota ta manhajar waya, a ga farashi tun kafin a shiga.

Makka kanta, tashar tana Rusaifa, kusa da unguwannin da Hausawa suka fi yawa, kuma bas ɗin gari ya rage mana wahala sosai. Amma tudu da gangare da ramukan mota da aka huda cikin duwatsu ba sa barin mutum ya yi yawon ƙafa mai nisa, in ba kewayen Harami ba.

Masu tambayata Riyad, jirgin Haramain ba ya zuwa can. Amma tun Disamba 2024 birnin ya fara buɗe jirgin cikin gari mai layi shida, kilomita 176, marar direba, kuma tashar Kasrul Hukum tana sauke mutum kusa da gidan Masmak da Kasuwar Zal. Wanda zai haɗa duka, ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu lokacin da zafi ya sauka, ya ba Jidda yamma ɗaya da darenta, ya bar wa Madina sauran kwanakin.