Sauka a riyad cikin tsohon birnin Fas: daɗinsa da wahalarsa

Mai zuwa Fas ta ƙasar Maroko, ko don ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ko don buɗe ido, masauki iri biyu ne a gabansa: otal a sabon gari, ko riyad a cikin ganuwa, wato Fas al-Bali. Riyad tsohon gidan iyali ne da aka gyara ya zama masaukin baƙi. Tsakar gida na da ɗan lambu ko famfon ado, ɗakuna duk ciki suke fuskanta, bango kuwa ya sha adon tayil, rufi da ƙofofi na katako sassaƙaƙƙe. Ga mai ƙarfin ƙafa, riyad ya fi otal nesa ba kusa ba. Daga ƙofar gida za ka taka zuwa masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a 859, ko zawiyar da Shehun yake kwance tun 1815, ka yi asuba a can ka dawo ka tarar da karin kumallo: shayin na'ana'a, gurasa, zuma da man zaitun.

Wahalar farko ita ce isa gidan. Mota ba ta shiga tsohon gari, lungunan sun yi mata ƙunci. Ƙananan tasi jajaye, masu ɗaukar mutum uku kacal, iyakarsu bakin ƙofa, kamar Bab Bujlud, Batha ko Rasif. Daga nan sai ƙafa, kaya kuma a baro. Taswirar waya tana ruɗewa saboda tsayin katangu, lunguna da yawa kuma ba sa ɓullewa. Don haka kafin ka biya, ka tambayi masu gidan wace ƙofa ce ta fi kusa da su, tafiyar minti nawa ce, kuma ka nemi su aiko wanda zai tarbe ka. Gidan da ya ƙi yin wannan, nemi wani. Ka kuma tuna garin a kan gangare yake: daga Bab Bujlud manyan hanyoyin biyu, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira, gangarawa suke yi, dawowar ce hawa. In ka ji an ce "balak", raɓe da bango, alfadari ne tafe da kaya.

Zaɓen ɗaki shi ne inda aka fi yin kuskure, domin hotunan talla tsakar gida suke nunawa. Ɗakin ƙasa yana da faɗi da sanyi mai daɗi a Yuli da Agusta, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Amma tagarsa tsakar gida take kallo, duk motsin cokali da hirar baƙi a kunnenka suke, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu bangon kan riƙe danshi. Ɗakin sama ya fi haske da shiru, sai dai matakalar ƙunƙuntacciya ce mai tsayin taki, rana kuma tana dukan rufin. A lokacin sanyi kada ka karɓi ɗaki sai ka tabbatar akwai na'urar ɗumama shi, don dogon rufi ba ya tara ɗumi. Ka buɗe famfon ruwan zafi ka gwada tun ranar farko. Wasu gidajen ƙaramar tukunya ɗaya ce ke yi wa ɗakuna da dama aiki. Intanet ma kaurin bango yana kashe shi.

Ka riƙe dirhami a hannu, saboda masu baro da ƙananan shaguna ba sa karɓar kati, kuma gidaje da yawa daban suke cajin harajin baƙi na kowane dare. Ranar Juma'a yawancin shaguna a rufe suke. In kana son ɗan jagora, sa masu gidan su nemo maka mai lasisi. Wanda ya tare ka a hanya galibi shagon da zai samu kamasho zai kai ka.

Idan da tsoho ko mai ciwon gwiwa a tawagar, a kama ɗakin ƙasa a gidan da ke kusa da Rasif, inda tasi ke shigowa har ƙasan gari, ko kuma a haƙura da riyad a sauka a otal mai lif.