Tek ko Poli don karatun lantarki? Hajiya, ki kai shi Poli

Hajiya, barka da ƙoƙari. Tsakanin jami'ar KNUST, wato Tek, da Kumasi Technical University, wato Poli, da kika tambaya saboda yaronki, ni dai Poli zan ce, don can na yi babbar difloma ta HND tun kafin dokar 2016 ta mayar da ita jami'a. Har gobe Poli muke kiranta.

Shekara uku ce HND, kuma tun daga farko hannun yaro yana kan waya. Lokacin hutu sai a tura mu wajen masu sana'a mu ga aiki. Ni na faɗa hannun wani dattijon masta, mai gyaran motar injin, wato na'urar lantarki da ke juya inji, a Asawase. Wata rana aka kira shi baya nan, wai an matsar da injin niƙa zuwa sabon shago, an haɗa wuta, mota tana juyawa da baya. Mata sun yi layi da robobin masara, mai injin har ya fara lissafin kuɗin sake naɗa wayar motar. Na tuna abin da aka nuna mana a wokshop: motar da ke cin layi uku, in ka musanya waya biyu cikin ukun, juyinta ya koma daidai. Na kashe wuta, na musanya, injin ya kama aiki. Mutumin ya damƙa mini kuɗi ya haɗa da waakye, wato shinkafa da wake, wata tsohuwa a layin ta yi ta sa mini albarka tana kirana injiniya, alhali ko jarrabawar shekara ta biyu ban rubuta ba. Da masta ya dawo bai ce komai ba, amma daga ranar shi ke tura ni aiki ni kaɗai.

Ga kuma sauƙin gida. Daga Aboabo ko Asawase zuwa Poli ba wata tafiya ba ce, yaro zai kwana a ɗakinsa, ya ci tuwon gida, ba kuɗin hostal.

Tek kuwa, to, Tek ce. Digiri ne na shekara huɗu, sunanta na buɗe ƙofa a manyan ma'aikatun lantarki irin GRIDCo da VRA, ban musa ba. Sai dai gasar shiga lantarki a can mai zafi ce, kuma lissafi ne jibgi. In ba yaron ya kwaso A a ilektif mas da fiziks a jarrabawar gama sakandare ta WASSCE ba, kada ki tayar da hankalinki. Mai HND ma yana iya ɗora digirin BTech daga baya yana cikin aikinsa.

Abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne, ko wace takarda ya riƙe, ba ita ke ba shi ikon yin wayarin gidan mutane ba. Dokar wayarin ta 2011, wato L.I. 2008, ta ce sai mai lasin hukumar makamashi, wato Energy Commission. Jarrabawa ake zama, kuma mataki-mataki ne: na gidaje, na wuraren kasuwanci, na masana'antu. Sa hannun mai lasin ake nema kafin ECG, kamfanin raba wuta, ta haɗa wa sabon gini mita. Yaron ya nemi na gidaje da wuri, da shi zai riƙa samun na kashewa tun kafin bautar ƙasa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu "ina da hanya a ciki". Lokacin neman shiga makaranta suke fitowa, su ce a tura kuɗi ta MoMo za su sa sunan yaro a jerin furotokol, wato na alfarma, kuɗi na shiga layinsu ya mutu. Bauca ta cike fom a banki ko gidan waya ake saya, inda makarantar da kanta ta sanar, fom kuma a shafinta ake cikewa. Haka ƙananan makarantun da ke tallan difloma a wata shida, ki duba ko GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, ta san da su kafin ki fitar da sidi ɗaya.

Kayan aiki ma akwai jabu. Za a nuna masa mitar gwaji an rubuta sunan shahararren kamfanin Fluke a jiki da kuɗin da bai kai na takalmi ba, ko waya mai launin jan ƙarfe a sama, cikinta alminiyam. Ya kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana ya ajiye musu abinsu.

Ki saya masa baucar Poli, ya cike Electrical/Electronic, HND. In sakamakonsa ya yi kyau ƙwarai, sai ki ƙara ta Tek, amma ta Poli ce farko. Allah ya ba shi sa'a.