Gargaɗi ga mai son sayen jirgin rimot na farko: kada bidiyon talla ya rufe maka ido

Jama'a, duk mai niyyar sayen jirgin sama mai rimot karo na farko, ko don kansa ko don ɗansa, ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura kuɗinsa. Akwai wata damfara da ta yi yawa a tallace-tallacen da ke bi ta Facebook da Instagram da TikTok, kuma sababbin shiga ta fi ci, domin su ne ba su san abin da ya kamata su tambayi mai kaya ba.

Ga yadda take. Za ka ga bidiyon wani ƙaton jirgin yaƙi, tsawonsa ya kusa na babban mutum, yana tashi da ruri kamar na gaske, yana wulƙitawa a sama, sannan ya fito da tayoyi ya sauka lafiya lau. A ƙasa an rubuta wai kamfani zai rufe, ana karyar da kaya, saura 'yan kaɗan, ga wani agogo yana ƙirga mintunan da suka rage. Bidiyon nan ba nasu ba ne. Satowa suke yi daga mutanen da suka shekara suna wannan harka, masu jiragen da injinsu kaɗai ya ninka kuɗin da ke kan tallar sau da yawa. Abin da zai iso hannunka, in ma ya iso, ɗan jirgin soso ne mara nauyi, an fenta shi da launin wancan na bidiyo. Cinikin biri a sama ke nan.

Irin wannan ɗan jirgi canel biyu gare shi, wato abubuwa biyu kawai kake iya sarrafawa daga rimot. Ƙananan injuna biyu ne a jikinsa, kuma babu abin da ke motsi a fiffikensa ko a wutsiyarsa. In ka ce ya juya dama, injin hagu ne zai ƙara gudu. In kana son ya yi sama, sai ka ƙara wuta. Shi ke nan ikon da kake da shi. Iska kaɗan ta taso sai ta yi gaba da shi kana kallo. Shi kansa abin wasa ne, kuma wanda ya sayar maka da shi a matsayin abin wasa bai cuce ka ba. Cuta ita ce a nuna maka wani abu a karɓi kuɗinka, a aiko maka da wani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar da suke yi bayan ciniki. Da gangan suke aiko da wani abu, komai ƙanƙantarsa, don lambar bin sawun kaya ta nuna an kai. Da wannan lamba suke kare kansu idan ka kai ƙara. Ka rubuta musu, sai su amsa cikin ladabi su ce kuskuren ma'aikaci ne, su yi maka tayin mayar da ɗan wani kaso na kuɗinka ka riƙe kayan. In ka ƙi, sai su ce ka mayar da shi wata ƙasa mai nisa da kuɗin aljihunka, alhali sun san kuɗin aikawar ya fi darajar abin. Suna ta jan ka da saƙonni ne har wa'adin kai ƙara ya wuce, daga nan shafin ya ɓace, ya sake bayyana da sabon suna da bidiyon nan dai.

Ko da a ce jirgin bidiyon ne za su aiko, ba shi ne na mai koyo ba. Jirgin yaƙi mai gudu, mai gajerun fukafukai, sabon hannu zai farfasa shi tun a tashin farko. Jirgin koyo fiffikensa a saman jiki yake, kuma ƙarshen fukafukan sun ɗan ɗaga sama, abin da ke sa shi komawa daidai da kansa idan ka saki sandar rimot. Yana tafiya a hankali, yana ba ka lokacin tunani. Canel uku ne mafi ƙaranci: ɗaya na wuta, ɗaya na ɗaga hanci sama ko ƙasa, ɗaya na juya wutsiya hagu da dama. Na huɗu shi ke karkata fukafukai. Soson jikinsa ya zama EPP ko EPO, masu jure faɗuwa kuma masu karɓar gam, ba irin farin soson da ake cusawa a kwalin kaya ba, mai ɓarɓashewa. Wanda farfelarsa ke bayan fiffike ya fi daɗewa, don hanci ne ke fara dukan ƙasa. Rimot kuma ya zama na 2.4 GHz, wato zangon rediyon da yake aika saƙo a kai. Yawancin jiragen koyo na yanzu suna da na'urar daidaita tashi da ke hana su kifewa, kuma sanannun masu ƙera su, irin su HobbyZone da E-flite da FMS da Volantex, suna rubuta duk waɗannan bayanai ɓaro-ɓaro tare da sunan kowane samfuri.

To a nan ake kama ɗan damfara. Ka tambaye shi sunan kamfani da lambar samfuri. Ka tambaye shi faɗin fiffike da santimita, da nauyin jirgin da giram, da yawan canel. Ka tambaye shi ko yana sayar da farfela da fiffike da batir na canji. Wannan ta ƙarshen ita ce babba a wurina, domin babu mai koyon da ba ya karya farfela, kuma jirgin da ba shi da kayan gyara ya mutu daga ranar da ya fara faɗuwa. Mai gaskiya zai amsa maka nan take. Macuci kuwa zai sake turo bidiyo, ya ce ka yi sauri kaya na ƙarewa. Ka ɗauki hoton tallar ka saka a Google Lens, manhajar da ke yin bincike da hoto, sau da yawa za ka tarar da ainihin mai bidiyon. Ka duba ranar da aka yi rajistar shafin ta WHOIS, wato wurin binciken rajistar adireshin intanet. Shagon da ke cewa ya daɗe yana ciniki amma shafinsa bai cika wata biyu ba, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Akwai kuma wata 'yar cuta da ake yi da haruffa uku, musamman a wajen masu sayar da na hannu. RTF na nufin jirgi ya zo a shirye, da rimot ɗinsa. BNF jirgi ne da ba shi da rimot, sai ka haɗa shi da naka wanda ya dace da shi. PNP kuwa babu rimot, babu na'urar karɓar saƙo, yawanci babu batir da caja. Wasu sai su ɗauki hoton PNP kusa da rimot, su yi shiru, sai kaya ya zo ka ga sauran abubuwan da za ka saya sun kai kuɗin jirgin. Ka sa a rubuta maka abin da ke cikin kwali ɗaya bayan ɗaya. In na hannu ne, ka nemi sabon bidiyo da ke nuna farfela na juyawa, wutsiya na amsa sanda, da takarda mai ɗauke da sunanka a gefe.

Batun batir ba na asarar kuɗi ba ne kawai, har da lafiya. Batirin LiPo, wanda irin waɗannan jirage ke amfani da shi, kowane ɗaki nasa, wato sel, 3.7 volt ne, yana cika a 4.2, kuma in aka wuce haka ko aka huda shi yana iya kama wuta. Masu damfara kan manna lambar ƙarya a kan batir, su haɗa da caja mara tsaro, su yi alkawarin tashi na awa guda, alhali ƙananan jiragen lantarki mintuna ne suke yi a sama. Batirin da ya zo a kumbure kada a sa shi a caji ko sau ɗaya, kuma kada a bar yaro da caji shi kaɗai.

Wajen biya, kada ka yarda da tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mutum, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto, don babu hanyar dawo da su. A PayPal ma, wato dandalin biyan kuɗi ta intanet, in ya ce ka biya ta hanyar 'yan uwa da abokai, ka ƙi, domin wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. In kuwa ka riga ka biya, kada ka karɓi ɗan kason da za su yi maka tayi. Ka adana hoton tallar da saƙonninku, ka ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwali tare da awon jirgin da ma'auni, ka shigar da ƙara cewa kayan ya saɓa da abin da aka tallata, ba cewa bai iso ba. PayPal na da wa'adin shigar da ƙara, kada ka bari ya wuce. In da kati ka biya, ka tuntuɓi bankinka tun yau ka ji nasu wa'adin. Sannan ka kai rahoton tallar a dandalin da ka gan ta, don a sauke ta kafin ta kama wani.