Gwajin otizim na manya: bincikensu ya yi kyau, amma wasiƙar wurin aiki sai da na roƙa

Asibitin da na je ƙarami ne mai zaman kansa, kuma yana cikin 'yan tsirarun da ke karɓar manya a gwajin larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Yawanci yara kawai ake dubawa. Ni kuwa na haura shekara talatin, ina lissafin albashin ma'aikata a wani kamfani, kuma aikin ne ya kai ni. Lissafina ba a taɓa samun sa da gyara ba, amma duk ƙarshen shekara abin da ake rubutawa a kaina ɗaya ne: wai ba na sakin jiki da abokan aiki, wai maganata ta cika kaifi.

Kafin ranar ganawa sun turo min takardun tambayoyi ta imel. Ɗaya ita ce AQ mai tambayoyi 50, wadda Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa na Jami'ar Kambirij suka fitar a 2001, ɗayar kuma RAADS-R mai 80. Duka biyun suna yawo a intanet, mutane na cikewa da tsakar dare su yanke wa kansu hukunci. Mai karɓar baƙi ta gaya min tun a waya cewa waɗannan rariya ce kawai, yawan maki bai tabbatar da komai ba. Ɗakin jiransu dai ya ba ni haushi, talabijin na ta ƙara ga fitila mai kashe ido, a wurin da masu zuwansa hayaniya ce babbar damuwarsu.

Cikin ɗakin likitar kuwa komai daban ne. Ta miƙo min jerin abin da za mu yi a rubuce, ta rage haske ba tare da na tambaya ba. Gwajin da ta yi amfani da shi sunansa ADOS-2, kuma yana da sashe na musamman don manyan da ke magana sosai. Babu ɗaukar jini, babu hoton ƙwaƙwalwa, domin ba a gano otizim ta nan. An ba ni littafin hotuna in ba da labarinsa, an zube min wasu ƙananan tarkace in ƙirƙiri labari da su. Na ji kamar an mai da ni 'yar firamare, na kuma faɗa mata hakan. Ta ce ba daɗin labarin take aunawa ba, tana duba yadda nake haɗa ido da motsin hannu da magana, da ko ina barin hira ta riƙa kai-komo tsakaninmu.

Inda ta burge ni shi ne da ta tambaye ni ko kallon idon da nake mata na koya ne. Na koya mana. Tsakanin girar mutum nake kallo, ina ƙirga lokacin da ya kamata in kau da kai, kuma kafin kowane taro sai na yi bitar gaisuwa da dariyar da zan yi. Ta ce wannan ɓoye hali na cikin dalilan da ke sa mata da yawa ba a gano su sai sun girma, kuma shi ke sa mutum ya dawo daga ofis a gajiye tilis ko da bai ɗaga komai ba. Likitan da bai san wannan ba zai sallame ni ne da cewa lafiyata ƙalau.

Ƙa'idar DSM-5, wato kundin da likitoci ke bi wajen tantance larurorin ƙwaƙwalwa, ta ce dole alamun su kasance tun ƙuruciya, don haka ta kira mahaifiyata. Mama ta fara da kare ni: "Likita, 'yata ba ta da wata matsala, kunya ce da ita. In kin ba ta maɓallan riga sai ta wuni tana jera su, ba ruwanta da kowa." Likitar ta ce, "To Mama, in aka taɓa mata jerin fa?" Mama ta yi shiru, sannan ta ce ranar ba mai barci a gidan. Wanda iyayensa ba sa raye, suna karɓar bayanin yaya ko tsofaffin takardun makaranta.

Sakamakon ya fito: otizim, mataki na 1, wanda ya fi ƙarancin buƙatar tallafi. Tun 2013 DSM-5 ta haɗe abin da ake kira Asperger, wanda a da ake ɗauka larura ce daban, cikin otizim, ta raba shi mataki uku gwargwadon tallafin da mutum ke buƙata. Sun kuma duba ADHD, wato larurar rashin tattara hankali da yawan kazar-kazar, da yawan fargaba, tunda sukan zo tare. Har nan ba ni da ƙorafi.

Rahoton ne matsalar. Shafuka ne masu yawa da likita ya rubuta don likita, cike da sirrin gidanmu da lokacin da na shiga damuwa mai tsanani. Wa zai ɗauki wannan ya kai ofishin kula da ma'aikata? Sashen rahoton da ya shafi aiki kuwa layi biyu ne, wai ina buƙatar "muhalli mai natsuwa da fahimta". Babu manajan da zai san me zai yi da wannan. Na koma na nemi wasiƙa mai shafi ɗaya, suka ce wannan hidima ce daban da kuɗinta daban, abin da ba su ambata ba da farko. Amma da aka zauna rubuta ta, an yi aiki mai kyau. Likitar ta bi yinina daga safe zuwa tashi, muka fitar da abubuwan da za a iya aiwatarwa: a riƙa ba ni umarni a rubuce, a turo ajandar taro tun kafin lokaci, a ɗauke teburina daga bakin ƙofa da injin buga takardu, a bar ni in toshe kunne da abin rage ƙara, a sanar da ni da wuri in za a sauya tsari.

Wannan wasiƙar ita ce na dogara da ita wajen neman sassauci a wurin aiki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, a sashe na 27, ta nemi a yi wa ma'aikaci sassauci daidai gwargwado. Amurka na da dokarta tun 1990, Birtaniya ta 2010, ƙasashe da yawa ma na da tasu, kowacce da ƙarfin aiwatarwarta. Sai dai kamfani ba zai sassauta abin da bai sani ba, kuma magana in ta fita ba ta dawowa. A kan wa za a gaya wa da yaushe, asibitin bai ce min uffan ba. Ni na zaɓi ofishin ma'aikata da manajana kawai. Abin da manajan ya fara cewa shi ne, "Amma ai ba ki yi kama da su ba." Bayan mako guda kuma ya fara turo min duk kwamfutar da ta lalace, a zatonsa kowane mai otizim gwanin na'ura ne. Ba laifinsa kaɗai ba ne, shirye-shiryen ɗaukar masu otizim da suka yi suna, irin na SAP a 2013 da na Microsoft a 2015, daga kamfanonin fasaha suka fito. Teburin dai an matsar, umarni na zuwa a rubuce, ciwon kan yamma ya ragu sosai.

Ni ina da aiki a hannu, shi ya sa abin ya zo min da sauƙi. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya da aka fitar a 2021 sun nuna kashi 22 cikin ɗari ne kacal na manya masu otizim ke da aiki. Ɗaya daga cikin shingayen shi ne intabiyu, inda ake auna murmushi da saurin amsa fiye da iya aiki. Mai nema yana iya roƙon a ba shi tambayoyin tun da wuri, ko a gwada shi da aikin kansa, amma a wannan asibiti babu mai koya maka yadda za ka nemi hakan.

Zan tura 'yar'uwata wurinsu in ganowa take so. In don aiki ne, ta tambaya tun kafin ta biya ko wasiƙar ma'aikata na cikin kuɗin, kuma ta nemi amsar a rubuce.