Jama'a ku yi hattara da mai tallan madubin kallon taurari "525x" ɗin nan

Assalamu alaikum. Wallahi ban so yin rubutun ga ba, don abin kunya ne a ce magidanci da furfura an yi mai wayau kamar yaro, amma jiya na ga shafin ya sake ɓullowa Facebook da sabon suna, hotunan dai su ne, lambar waya kawai anka canza, kuma har na ga wasu 'yan Sakkwato suna tambaya nawa ne.

Yarona na biyu ne ya dame ni. Tun bazarar da ta wuce da muke kwana tsakar gida nan Mabera yake nuna man Zara da Kaza da 'Ya'yanta, kullum Baba wancan mi ne, Baba wancan fa. Sai ga tallan nan gab da azumi, wai teleskof mai madubi, faɗin milimita 130, yana ƙara girma sau 525, "ka ga jinjirin wata kafin kowa". Ko ka gani ma ai sai ka jira sanarwar Sarkin Musulmi, amma dai ya ja ni. Ga hotuna ja da shuɗi kamar atamfa, ashe irin na Hubble ne, babban teleskof ɗin da ke sararin samaniya, ya kwaso a intanet, ba idon da ke ganin kalolin nan ta madubin gida.

Munka koma WhatsApp, Alhaji sama Alhaji ƙasa, ya ce yana Legas, dubu 95 ne amma don ni. Na tura rabi. Kwana huɗu wani ya kira ni tasha, kwali liƙe da salatif, ya ce ba a buɗewa sai maigida ya ga alat ɗin ciko. Na tura, Allah ya riga ya ƙaddara.

Da munka buɗe gida na ga bututun siriri ne, na amshi tef ɗin ɗinkin maman yara na auna baki, ko santimita 10 bai cika ba. Jikinshi ga 'yar takarda an rubuta D=76mm F=700mm, D ɗin nan faɗin madubi ne, wato 76 ne ba 130 ba. Ƙafafun nan uku kamar karan dawa. Gilasan da ake sa ido ciki duk roba ne, H20 da H12.5 da SR4, sai wani dogo wai Barlow 3x. Gaskiya da H20 ɗin mun ga ramukan wata, yaro har tsalle ya yi. Amma da munka haɗa SR4 da Barlow don mu ga 525 ɗin, kamar ka kalli kwan lantarki ta cikin ledar fiya wata, ga rawa ko numfashi ka yi kusa da shi, kafin ka saita abin ya fice.

Wani abokina malamin fiziks ne ya zauna ya yi man lissafin a bayan kwalin. Ya ce girman da kake gani, lambar F ce ake rabawa da lambar gilashin ido, 700 raba 4 ya ba 175, Barlow ya ninka uku, ga 525 ɗinka nan, wato a takarda ba ƙarya ba ce, a sama ne ba ta da amfani. Don iyakar abin da madubi ke iya ɗauka kamar ninki biyu ne na faɗinshi a milimita, mai 76 ƙarshenshi 150, mai 130 wajen 260, shi ma sai daren da ba hazo, mu kuwa kun san yadda hunturu ke yi muna. Ya ce faɗin madubi ake saye, shi ke tara haske, duk wanda ya fara maka talla da "sau kaza" ka ja da baya.

Ya ƙara man da wasu. Ka tambaya madubin farabola ne, wanda shi ake so, ko mai lanƙwasar ƙwallo, don gajeren bututu da mai lanƙwasar ƙwallo hoto bai fita tas. In ka ga an rubuta 114 ko 127 da F=1000 amma bututun bai wuce rabin mita ba, irin da ake kira Bird-Jones ne, an cusa wani gilashi cikin wurin sa ido don gyara, saita shi wahala ce ga sabon hannu. Ramin gilashin ido ya zama inci 1.25, namu 0.965 ne, ko canji mai kyau da wuya ka samu. Mazauni kuma ka nemi irin na Dobson, ɗan akwati mai juyawa, bai rawa. Nashi Sky-Watcher Heritage 130P ne, F=650, ya aza shi bisa tebur wajen gari hanyar Wamakko, da gilashin 10 kawai, sau 65 ke nan, na ga zoben Zuhal ƙarami amma tsaf, na ga watannin Mushtari huɗu da Galileo ya gani a 1610, jere kamar 'ya'yan tasbaha. Ya ce in kuɗi ba su kai ba gara tabaron hangen nesa mai ido biyu 10x50.

Abin da ya fi tada man hankali, cikin kwalin akwai wani ɗan baƙin gilashi da ake murzawa jikin gilashin ido, wai na kallon rana. Malam na gani ya ɗauki dutse ya fasa shi gabana. Ya ce duk zafin da madubin ya tara nan yake haɗuwa, gilashin na iya tsagewa ido na kai, makanta ce nan take. Kuma yaron nan ya riga ya ce gobe da rana zai gwada. Don Allah duk wanda ya riga ya saya ya duba nashi kwalin yau.

Na kira mutumen, ya ce hazo ne. Na tura mai hoton 76 ɗin, ya ce yaran sito sunka yi kuskure, in turo dubu 20 na mota a canza man. Na ce ya fara turo bidiyon mai 130 da tef bisa bakinshi da sunana a takarda. Tun ranar ban sake ganin hoton furofayil ɗinshi ba. Sunan akawun ɗin da na tura ma kuɗi daban yake da na shafin, na lura tun farko na ce ƙila na matarshi ne. Rasit biyu da sikirinshot duk suna hannuna, wanda abin ya shafa ya yi man magana ta inbos mu haɗa mu kai ƙara tare.