Koton gashi na kamun kifin turawut: wane kaya za ka fara saya?

Kifin turawut, wani kifin ruwan sanyi, idan ya ƙasaita yakan rage bin ƙwari, ya koma farautar ƙananan kifaye da matsattsaku. Shi ya sa masu kamunsa a kogunan sanyi na Amurka da Turai suke ɗaura gashi a jikin doguwar ƙugiya, su riƙa jan ta cikin ruwa kamar ɗan kifi mai gudun tsira. A kantin kayan za a nuna maka akwatin da aka haɗa komai a ciki. Ni dai ban ba ka shawarar sayensa ba, don rabin gashin ba za ka taɓa shi ba. Zaɓi irin koto ɗaya tukuna, ka sayi kayansa kawai.

Wanda ya fi dacewa da sabon hannu shi ne Woolly Bugger, wanda Russell Blessing ya ƙirƙiro a Pennsylvania a 1967. Abu uku yake so: gashin marabu na wutsiya, zare mai kauri da laushi na jiki, sai dogon gashin zakara da ake naɗewa a kansa. A da daga jikin babba-da-jaka ake samun marabu, yanzu kuwa gashin talo-talo ne ake rinawa. A nan nake so ka tsaya ka duba da kyau. Zaro ɗaya daga leda, ka hura masa iska. Idan ya yi lilo ya baje, kuma karansa siriri ne, to a ruwa ma haka zai riƙa buɗewa yana rufewa, wannan motsin kuwa shi ke jawo kifi. Mai kaurin kara, busasshe, ba ya rawa, bar shi ko da araha. Baƙi da kore mai duhu sun ishe ka.

Muddler Minnow ya girme shi. Don Gapen ne ya ɗaura shi a shekarun 1930 don kogin Nipigon na Kanada. Kansa na gashin barewa ne: ka ja zare da ƙarfi gashin ya tashi tsaye, sannan ka aske shi da reza. Yana buƙatar zare mai ƙwari da hannun da ya saba, kuma gashin ba ya son nutsewa. Wannan gara ka saye shi ɗaurarre. Da yawan waɗanda ke kantunan ma a Kenya ake ɗaura su.

Koton Zonker na fatar zomo ne, motsinsa ba a magana, amma da ya sha ruwa sai ya yi nauyin jifa. Clouser kuma, na 1987, idanun ƙarfe ke juya shi bakin ƙugiya ya kalli sama, ba ya yawan maƙalewa a ƙasa, ga mai kamu a kogi mai duwatsu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai batun nauyi. Ɗan dutsen tagulla a kan ƙugiya ya wadatar a ruwa marar zurfi. Ƙarfen tangistin ya fi tsada, ya kuma fi dalma nauyi, yana kai koto ƙasa nan da nan a ruwa mai gudu. Dalma ita ce mai araha, sai dai guba ce ga tsuntsayen ruwa, har an hana ta a wurare irin gandun Yellowstone.

Inda bai kamata ka yi rowa ba shi ne ƙugiya da abin damƙe ta. Matsi mai juyawa yana da daɗin aiki, amma tsayayye ma ya isa muddin ƙugiya ba ta zamewa sa'ad da ka ja zare. Ka gwada shi a kantin kafin ka biya. Ƙugiya kuwa nemi mai dogon jiki, lamba 6 da 8, ka tuna lamba na ƙaruwa ƙugiya na ƙanƙancewa. Idan sakin kifin za ka yi, ɗauki marar ƙaya, ta fi sauƙin zarewa daga bakinsa.